Tukwane Biyu na Hajja Kaltume

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a wurin mai shayin da ke bakin titin Faisal, sai na ji ɗaya daga cikinku ɗalibai yana cewa idan kuɗin karatunsa bai zo ba zai sayi keke ya shiga sayar da gas kamar Baba Sale, tunda aikin bai wuce buga sifana a jikin ƙarfe ba. Sauran suka bushe da dariya. Ni ne Baba Salen, ina zaune a bayansa bai gan ni ba. Ban tanka ba, don na san halina, idan raina ya ɓaci ba na auna magana. Shi ya sa na zauna na rubuta muku, ku karanta a ɗakunanku, wanda zai ji haushi ya ji.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗaukar tukunyar gas a Alƙahira, wadda mutanen nan ke kira anbuba. Karatu na zo yi daga Gusau, kamar yadda kuka zo. Tallafin karatuna ya yanke a shekara ta uku, ga shi na riga na yi aure, komawa gida hannu rabbana kuma kunya ta hana. Wani Bamisire ɗan ƙauyukan kudu, Mu'allim Hamdi, shi ya ɗauke ni aiki, ina da shekara talatin a duniya.

Aikina na farko hawa na shida ne a wani gida nan Faisal, babu na'urar hawa, sai ƙafa. Cikakkiyar tukunya nauyinta ya kai rabin buhun siminti da ɗoriya. Na rungume ta a ƙirji na fara hawa, ban kai hawa na uku ba na zauna ina haki. Mu'allim yana biye da ni, hannunsa a aljihu. Ya ce, “Yalla ya Saleh, a kafaɗa ake ɗora ta, bakinta yana gaba, hannunka a wuyanta. Idan ka ci gaba da rungumarta, bayanka zai mutu kafin ka aurar da 'ya.” Wata biyu cur ya hana ni taɓa murhun kowa. Dako kawai nake yi, in tsaya a bayansa in kalli yadda yake ɗaurawa.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Keke mai ƙarfen dako a baya da gefe, sifana ɗaya, 'yar robar nan zagayayya da ake sa wa a bakin tukunya, wadda muke kira jilda, sai guntun sabulu da soso a cikin gwangwani. Sifanar da kuke yi wa dariya, da ita ake ɗaure kan tiyon murhu a bakin tukunya, da ita ake kiran mutane, da ita kuma ake jin abin da ke ciki. Cikakkiya idan ka buga ta ƙarar gajera ce, fanko kuwa sai ya yi ta amsawa. Akwai wadda 'yan damfara suka ɗura wa ruwa don ta yi nauyi, ita sai ka karkata ta ka kara kunne. Jilda kuwa duk lokacin da aka canja tukunya sai an canja ta, ko da ta jiya ce. Bayan ka ɗaure sai ka shafa kumfar sabulu ka jira, idan kumfar ta kumbura to akwai yoyo. Na sha ganin ɗalibanmu sun koyi ƙyasta ashana a bakin tukunya wai gwaji suke yi, don sun ga maƙwabta na yi. Duk wanda na kama yana haka ba na sake sayar masa sai ya kawo wani babba ya ba ni haƙuri.

Amma babban abin da Mu'allim ya dasa mini a kai shi ne maganar fanko, kuma a nan ne mutanenmu suke faɗuwa. A gida Najeriya tukunyarka taka ce. Ka rubuta sunanka da fenti a jikinta, ka aika a cika maka, a dawo maka da ita da yamma. Ko da saura a ciki, sai a ƙara a kai. Nan ba haka ake yi ba, musanya ake yi nan take, ka ba da fanko a ba ka cikakkiya. Tukunyar da ke ɗakinka yau, jibi tana wata unguwar da ba ka taɓa zuwa ba. Wanda ba shi da fanko a hannu, ko da kuɗinsa, a mustauda, wato rumbun da ake rarraba gas, ba za a ko kalle shi ba. Fankon ya fi gas ɗin da ke ciki daraja nesa ba kusa ba. Don haka dokar Mu'allim ita ce kada in fita da fankon kowa sai na tsayar masa da cikakkiya a gurbinsa, kuma kada in yarda wani ya yi mini haka.

A cikin duk waɗanda nake kai wa, babu wadda ta kai Hajja Kaltume. Bahaushiyar Sudan ce daga Gadarif, mijinta ya rasu a nan ya bar ta da jikoki mata biyu. Tana zaune a hawa na huɗu a wani gida cikin unguwar Ard al-Liwa, inda ɗalibanmu suka cika hawa na ɗaya da na biyu. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta saukowa sai dole. Da safe tana toya waina, da rana ta tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, wasu su hau su saya, wasu ta zura musu a kwando da igiya ta baranda. Tukwanenta biyu ne, ɗaya a kan wuta ɗaya tana jira. Da su take ci, da su take riƙe da ɗakin, ba ta da wani abin da ya wuce su. Duk ranar da na kai mata sai ta ce, “Salihu ɗana, zauna ka sha shayi, wannan benen ba ya jin tausayin kowa.” Ba na son shayinta, sukari ya yi masa yawa, amma ban taɓa barin kofin da saura ba.

Sai muguwar shekarar ta zo, sanyin da ya biyo bayan hargitsin 2011. Gas ya ɓace a gari. Sai ka tsaya a ƙofar mustauda tun bayan sallar asuba har azahar, mota ta zo, a yi ta turereniya, ka koma da huɗu ko biyar, wata rana ka koma da fankunanka yadda ka zo da su. A cikin turereniyar nan wani ya saki tukunya a kan hannuna, ɗan yatsana ya karye, har yau bai miƙe ba. Ranar da ba mu samu a ciki ba sai mu saya a bakin ƙofa wurin waɗanda suka riga mu, su kuma su tsawwala. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, ba ni na ɗaga shi ba, a sama na tarar da shi. Abin da ke hannuna shi ne wa zan fara kai wa. Hajja ce ta farko, sai gidajen masu ƙananan yara, ɗalibai su ne ƙarshe, don su suna iya cin wake da burodi a bakin titi.

Shugaban ɗaliban gidan da Hajja take wani ne Ustaz Mubarak, ɗan Zariya mai karanta fiƙihu, mutum mai tsafta da son tsari. Ya ɗauki takarda ya ja layi, ya rubuta farashina a gefe ɗaya, kuɗin wutar lantarki a ɗaya gefen, ya manna a bangon matakala inda kowa zai gani. Lissafinsa ya nuna masa girki da wuta ya fi araha. Suka je kasuwar Ataba suka sayo rishon lantarki guda uku. Abin da bai tambaya ba shi ne, wutar nan hawa-hawa ake sayar da ita, hawan farko da sauƙi, kana ƙara sha farashin yana ƙara hawa. Shi kuwa da farashin ƙasa ya yi lissafin wata guda. Suka yi ta dafa wake safe da yamma, takardar wuta ta zo, mai gidan da mitar ke da sunansa ya hau yana zage-zage, ga wayar wutar ɗaki ɗaya ta narke. Suka dawo wurina, na ci gaba da kai musu idan na samu.

Ba a yi mako uku ba sai ga wani mutum da motar a-kori-kura, da gemunsa da carbinsa. Ya ce yana da ɗan'uwa a mustauda, yana taimakon baƙi ne don Allah, kuɗinsa kaɗan ya ɗara na gwamnati. Sharaɗinsa ɗaya, a ba shi fanko da safe, ya dawo da shi cike da la'asar. Ɗalibai suka gwada shi da guda uku. La'asar na yi ya dawo da su cike, ya ƙi ma karɓar kuɗin dako.

Ni ban san an yi haka ba. Wata Talata na zo da tukunya ɗaya da ɗaliban hawa na biyu suka roƙe ni, hannuna a naɗe, na tarar da Ustaz Mubarak a ƙofar gidan da wasu su biyar, mai gadin gidan yana zaune a kan bencinsa.

Ya ce, “Baba Sale, ma'alish, ka yi haƙuri, ka mayar da ita. Mun sami wani.”

Na ce, “Wane ne?”

Ya nuna mini takardar bango, ya ƙara mata layi na uku. “Gobe da safe zai kwashi fankunanmu gaba ɗaya, la'asar ya dawo da su. Kuɗinsa bai kai rabin naka ba.”

“Zai tafi da fanko bai ajiye cikakkiya ba? Ustaz, kada ku ba shi. Ba a yin haka a garin nan.”

“Ai mun gwada shi, ya dawo da su. A gida ma haka muke yi.”

“Nan ba gida ba ne.”

Sai ya gyara tsayuwa, irin ta mai shirin ba da fatawa. Ya ce, “Baba, da girmanka, amma gaskiya ɗaya ce. Abin da kuke yi ihtikari ne, riƙe kaya don ya yi tsada, kuma malamai sun yi bayanin hukuncinsa. Yanzu ga wani ya zo da rahusa kana son ka kore mu daga gare shi. Ka ji tsoron Allah a kan 'yan'uwanka.”

Yaron da na girme wa da shekara goma sha biyar, a gaban mai gadi, ni da na bar gida tun asuba don tukunyar da ke kan kekena. Na ɗaga murya na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, na ce khalas, magana ta ƙare, shi da takardarsa su ci gaba da girki, na juya kekena.

A nan ne na yi kuskuren da nake so ku ji da kyau. Ina juyawa Hajja ta faɗo mini a rai. Na san tana sama, na san yaran nan suna hawa wurinta kullum. Sai na ce wa kaina ai ta shekara ashirin a Masar, ta fi kowa sanin dokar fanko, kuma shekaranjiya na kai mata, ba ta buƙatata yanzu. Ƙarya na yi wa kaina. Fushi ne ya hana ni hawa, ba na so in ratsa ta tsakiyarsu in hau benen. Kwana biyar ban shiga layin ba.

Rana ta shida matata ta dawo daga kasuwa ta ce mini mai a-kori-kura ya yi layar zana. Ya kwashi tukwane sama da ashirin daga gidan da na kusa da shi, ya ce la'asar, har yau la'asar ɗin ba ta yi ba. Wayarsa a kashe, babu wanda ya rubuta lambar motar. Na ce, na Hajja fa? Ta ce har da su, duka biyun.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da safen nan ɗalibai biyu suka hau wurinta da murnarsu, suka ce sun samo mata sauƙi. Ta ce ɗaya ce fanko, ɗayar akwai saura. Suka ce ba komai, a haɗa, mutumin zai ƙara a kai. Babu Bamisiren da zai faɗi wannan magana, ko ƙaramin yaro. Sai mutanenmu. Suka kwance tukunyar daga jikin murhu da hannunsu, suka sauko mata da su, suna ganin lada suke kwasa. Ita kuma ta ga malamai ne, masu karatu, waɗanda take ciyarwa, ta ji nauyin ta ce musu a'a.

Ku dubi yadda asarar ta rabu. Ɗaliban sun ƙi zuwa wurin 'yan sanda, rabinsu izinin zamansu ya ƙare. Suka koma cin abincin titi, suka buga waya gida, kafin wata ya zagayo kowane ɗaki ya haɗa ya sayi sabuwar tukunya. Hajja ba ta da wanda za ta buga wa waya. A lokacin fanko ɗaya sai ka sayar da wainar wata guda ba ka haɗa kuɗinsa ba, in ma ka sami mai sayarwa. Kwana biyu ba ta ɗora komai ba. A na uku ta aika aka sayo mata gawayi, ta hura a baranda ta ɗora tanda. Hayaƙi ya cika gidan, tartsatsi ya ƙona shanyar matar da ke hawa na uku. Mai gidan, wanda dama yana neman hanyar da zai fitar da ita ya sa masu biyan da ya fi nata, ya samu abin da yake so. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Ranar da na ji labarin na kwance tukunyar gidana na kai mata, matata ta koma girki a murhun maƙwabciya. Na ɗaura, na sa sabuwar jilda, na shafa kumfa, ban iya ɗaga ido na dube ta ba. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Salihu.” Amma an riga an makara, maganar mai gida ta riga ta fita. Na je wurinsa sau biyu, Mu'allim Hamdi ma ya je, ya ce shi ba zai bari a ƙona masa gida ba. Ustaz Mubarak ya je da Larabcinsa mai kyau da ayoyinsa, mutumin ya saurare shi har ƙarshe ya ce masa ya gaishe da gida. Ba zan ɓoye ba, yaron ya yi kuka a gabana, ya bi ɗaki-ɗaki ya tara mata abin da ya samu. Ban taɓa cewa mugu ne ba. Wauta ce irin ta wanda ya iya karatu har yake ganin ba sai ya tambayi ɗan dako ba, kuma har yau idan na tuna takardar nan ta bango raina sai ya ɓaci.

An nema mata wani ɗaki a unguwar, duk wanda aka samu ko ya fi ƙarfinta ko mai shi ya ji labarin gawayi. Nesa da ɗalibai kuwa babu mai sayen waina. Ƙarshe wani ɗan ƙanenta a Gadarif ya ce ta dawo da yaran, akwai ɗaki a gidansa. Matar da ta shekara ashirin tana ci da hannunta za ta koma zaman jiran a ba ta.

Yanzu kuna gani ana jan bututun gas a jikin gidaje, layi bayan layi, duk gidan da ya samu ya daina kirana. Ba na baƙin ciki da shi, ya fi sauƙi ya fi aminci. Sai dai da sunan mai gida ake sa shi, da takardunsa, kuma gidajen da irinmu ke haya su ne na ƙarshe da za a waiwaya. Don haka mai son sayen keke ya saya, akwai sauran aiki. Mai son kwatanta farashi ma ya kwatanta, haƙƙinsa ne, ni ma ina yi. Amma kafin ku ja layi a takarda, ku tambayi wanda ya ɗauki abin a kafaɗarsa. Idan kuma kuka shiga sana'ar, ku sani za a zage ku a ƙofar gida, da karyayyen yatsa ko babu, kuma mutanen da ke sama ba su san an zage ku ba.

Ranar tafiyarta na je da safe na sauko mata da kaya, akwati biyu da ƙullin tukwanen miya da tandar. Yaran suka yi gaba wurin motar da za ta kai su tasha. Ita kuma na riƙe mata hannu muka sauko a hankali, tana hutawa a kowane hawa. Da muka kai ƙasa ta zauna a kan matakalar ƙarshe tana mayar da numfashi. Na ce, “Hajja, ki yafe wa yaran nan, ba su sani ba.”

Ta ce, “Na yafe musu tuni, ai yara ne.” Ta murza gwiwa. “Tun ranar Litinin suka fara yi mini maganar mutumin nan, zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce ba zan ba su amsa ba sai na tambayi Salihu. Ranar Talata na ji muryarka a ƙasa, ban ji me kake cewa ba. Na ce alhamdu lillahi, ga shi ya zo. Na ɗora ruwan shayi, na buɗe ƙofa na zauna ina jiran ka hau.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, labari kawai take ba ni. Mai motar ya danna ham, ta miƙo mini hannu in tashe ta, na tashe ta.